Bashin Da Littafinsa Ya Ƙone

Wannan karon za mu ɗan kauce daga maganar mudu da hukuncin ciniki da muka saba, saboda wani abu da ya same mu a shago wanda har yau bai bar zuciyarmu ba.

Wata Talata bayan La'asar muna auna wa wata yarinya gari, sai ga wani mutum ya tsaya a bakin shago ya yi sallama da Hausa irin ta wanda ya daɗe bai yi ta ba. Ya ce, "Malam, ba ka gane ni ba ko?" Muka duba, muka sake dubawa. Ashe wani ɗan ƙabilar Ibo ne da yake sayar da kayan gyaran tanka a wajen matatar mai shekarun baya, yana karɓar shinkafa da man gyaɗa a wurinmu, ƙarshen wata ya biya. Rabonmu da shi tun watan Afrilu na 2011, lokacin rikicin bayan zaɓe. Waɗanda suke nan a lokacin ba sa buƙatar a tuna musu abin da ya faru a Mararaban Rido. Shagonmu na farko yana cikin abin da wuta ta ci, har da littafin bashi. Shi kuwa ya kwashe iyalinsa ya koma Aba.

Bayan gaisuwa da tambayar iyali, sai ya zaro ambulan ya ajiye a kan tebur. Ya ce naira 18,500 muke binsa, ga su nan, ya kuma ƙara wani abu a kai saboda ya san kuɗin da a da ya kai buhun shinkafa biyu yau ko rabin buhu ba zai saya ba. Wallahi mu mun manta da wannan bashi. Babu takarda, babu shaida, yaron shagon da ya san da maganar ma Allah Ya yi masa rasuwa. Muka ce masa, "Maƙwabci, ai littafin ya ƙone." Ya ce shi ma abin da ya riƙa faɗa wa kansa ke nan shekara da shekaru, har ranar da ya zauna da shugaban majami'arsu suna maganar tuba, aka tambaye shi ko akwai haƙƙin wani a kansa.

Muka kira mai shayi, ya ce a gafarce shi, ba ya sha. Addininsu ya hana shayi da kofi da giya da taba. Nan hira ta ɓalle, ba mu tashi ba sai da aka kira Magariba. Kafin ya koma ya sake zuwa sau biyu, mu kuma daga baya muka sa ɗanmu ya nemo mana bayaninsu a waya ya karanta mana, don kada mu ɗora wa mutane abin da ba su faɗa ba.

Mun san akwai wanda zai ce, liman guda, me ya kai shi tonon aƙidar wasu? To ai malaman da suka fi mu sun yi. Shaharastani da Ibnu Hazmin kowannensu ya rubuta littafi guda a kan addinai da ƙungiyoyi, kuma imaninsu bai ragu ba. Mu da muke zaune katanga ɗaya da masu wani addini, muke ciniki da su safe da yamma, mun fi kowa buƙatar sanin abin da maƙwabci ya yarda da shi. Balle mutumin da ya kawo mana kuɗin da muka cire rai da shi saboda abin da ya yi imani da shi, ai ya cancanci a saurare shi.

Mutanen da ake ce wa Mormon ke nan, ko da yake tun 2018 shugabansu na lokacin, Russell Nelson, ya roƙi a daina kiransu da wannan suna. Cikakken sunansu idan aka mayar da shi Hausa zai zama kamar Ikilisiyar Yesu Almasihu ta Tsarkakan Kwanakin Ƙarshe. Wani Ba'amurke ne mai suna Joseph Smith ya kafa ta a jihar New York ranar 6 ga Afrilu 1830, yana cewa an saukar masa da wahayi, ya kuma fito da littafin da suke karantawa tare da Baibul. An kashe shi a 1844, Brigham Young ya ja mabiyansa zuwa yammacin Amurka a 1847, inda hedikwatarsu take har yau a birnin Salt Lake na jihar Utah. Yawansu a duniya ya haura miliyan 17, a Najeriya kuwa sun wuce dubu 200, akasarinsu a kudu. Babban ɗakin ibadarsu na farko a ƙasar nan a Aba yake, an buɗe shi a watan Agusta 2005. Wani abu da ya ba mu dariya shi ne shugaban majami'a a wurinsu, wanda suke kira bishop, ba ya karɓar albashi, yana da sana'arsa ta neman abinci. Muka ce ashe limamin sa-kai ba a unguwarmu kaɗai yake ba. A kuma lura, yawancin manyan ɗariƙun Kirista ba su yarda da littafinsu da annabcin Smith ba, don haka kada wani ya tare maƙwabcinsa ɗan ECWA ko ɗan Katolika ya ce ya amsa abin da ke cikin wannan rubutu.

Abin da ya fara ba mu mamaki shi ne maganarsu a kan Annabi Adamu. Mun saba jin cewa a wurin Kirista da yawa ɗan Adam da zunubi ake haihuwarsa, gādon abin da ya faru a Aljanna. Waɗannan ba su ce haka ba. A cikin ƙa'idojin imaninsu goma sha uku, ta biyu tana cewa kowa laifinsa za a kama shi da shi, ba za a hukunta shi da kuskuren Adamu ba. Abin da aka gāda a ganinsu shi ne mutuwa da zama a duniyar wahala da jarrabawa. Jariri ba shi da zunubi, ba sa yi masa baftisma, littafinsu ma ya yi kakkausar magana a kan masu yi. Sai yaro ya kai shekara 8 suke ɗaukarsa ya san fari da baƙi, wanda ya mutu kafin nan kuwa sun ce ya tsira. Da ya faɗi haka sai muka tuna karatun Islamiyya: yaro a kan fiɗira ake haihuwarsa, alƙalami ba ya hawa kansa sai ya balaga, Adamu ya tuba an karɓi tubarsa a Suratul Baƙara, magana ta ƙare a nan. Ma'anar cewa wani ba ya ɗaukar nauyin laifin wani ta zo a Alƙur'ani wuri biyar, a An'am da Isra'i da Faɗir da Zumar da Najmi.

Tubarsu ma ba ta yi nisa da tamu ba a siffa. Mutum ya gane laifinsa, ya yi nadama, ya bari, ya yi iƙirari ga Ubangiji, babban laifi kuma ya kai wa bishop, sannan ya mayar da abin da ya ci na mutane gwargwadon ikonsa. Banda maganar kai laifi gaban wani mutum, wadda mu ba mu da ita domin an umarce mu da suturta kanmu, sauran duk yaron da ya karanta Ahalari ya san su, kuma Risala ta sa mayar da kayan zalunci cikin tuba. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ya hau mota daga Aba ya zo har shagonmu.

Daga nan ne hanya ta rabu, kuma rabuwa ce ta gaske. Su a wurinsu duk wannan tuba ba ta wanke kowa da kanta. Abin da ke ba ta ƙarfi shi ne abin da suke kira fansar Almasihu. Sun ce Annabi Isa, alaihis salam, ya ɗauki azabar zunuban mutane duka, tun daga daren da ya yi addu'a a lambun Gatsemani har jini ya fito masa kamar gumi, zuwa kan gicciye, sannan ya tashi. Saboda wannan kowa zai tashi daga kabari, mumini da kafiri, kyauta. Amma gafarar zunubi sai da imani da tuba da baftisma da dagewa har mutuwa. Lahirarsu ma hawa uku ce, suna kwatanta su da hasken rana da na wata da na taurari, kusan kowa zai sami ɗaya daga ciki, 'yan kaɗan ne ake jefawa duhun waje. Wanda ya mutu bai ji saƙonsu ba, wani mai rai yana iya shiga ruwa a yi baftisma a madadinsa a babban ɗakin ibada, mamacin kuma ya karɓa ko ya ƙi a can. Wannan ne ya sa suke bin ƙasashe suna tattara sunayen kakanni. A hawa na ƙoli kuwa sun ce mutum zai iya ɗaukaka har ya zama kamar Ubangiji. Nan kam mun faɗa masa gaskiya ba tare da kwana-kwana ba, cewa wannan a wurinmu shirka ce, Allah ɗaya ne ba Shi da tamka, Suratun Nisa'i ta kore kashe Isa da gicciye shi, ƙofar tuba tana rufewa idan rai ya zo maƙogwaro, annabci kuma an rufe shi da Annabi Muhammadu, sallallahu alaihi wasallama. Bai yi fushi ba. Ya ce ya sani, ai ya zauna da Hausawa shekara goma sha.

Amma da yake ya ga 'yan kasuwa ne mu duka, sai ya kawo mana wani misali da ɗaya daga cikin manyansu, Boyd Packer, ya bayar a wani jawabi a 1977. Wani ne ya ci bashi mai yawa, ranar biya ta zo ba shi da shi. Mai kuɗi ya ce adalci yake so, wanda ake bi ya ce jin ƙai yake roƙo. Idan aka yafe, an tauye mai kuɗi. Idan aka kama shi, babu jin ƙai. Sai wani aboki ya shiga tsakani ya biya mai kuɗi cif, ya juyo ya ce wa abokinsa daga yau ni nake binka, a kan sharaɗin da za ka iya cikawa. Ya ce to Almasihu ke nan. A fahimtarsu adalci doka ce da ko Ubangiji ba Ya ƙetare ta, dole a sami wanda ya biya.

Misalin ya shige mu, ba za mu ɓoye ba, domin mun san shi a kasuwa. Lamuni ke nan. Sau nawa wani dattijo a unguwar nan ya tsaya wa yaro a wurin dila, yaro ya karye, dattijo ya biya? Kuma shari'armu ta san shi. A Sahihul Buhari an kawo gawar wani da ake binsa dinari uku bai bar komai ba, Manzon Allah ya ce sahabbai su yi masa salla, shi bai shiga ba, sai da Abu Ƙatada ya ɗauki bashin a kansa sannan ya sallace shi. Diyyar kisan kuskure ma dangi ne ke haɗuwa su biya. Ashe ɗaukar nauyin wani ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

To amma ku lura da abin da Abu Ƙatada ya ɗauka. Dinari ne. Kuɗi yana tashi daga aljihu zuwa aljihu, mai karɓa bai damu da hannun da ya miƙo ba. Laifi ba haka yake ba. Idan ɓarawo ya shiga gidanka aka kama ƙanensa aka yi masa bulala, ko da ƙanen ne ya miƙa kansa, zuciyarka ba za ta ce an yi adalci ba. Muka karanta masa ma'anar abin da ya zo a Suratu Yusuf, inda 'yan uwa suka roƙi a riƙe ɗaya daga cikinsu a saki ƙaramin saboda tsohon mahaifinsu, Annabi Yusuf ya nemi tsari da ya kama wanin wanda aka sami kayan a wurinsa, ya kira hakan zalunci. Sannan muka ce masa, a misalinka mai kuɗi ba ya iya yafewa sai an biya shi. Mu kuwa nan da kake ganinmu, sau da yawa mun ja layi a kan bashin gwauruwa ko na wanda ciwo ya kwantar, ba wanda ya kai mu ƙara cewa mun yi rashin adalci. Haƙƙinmu ne, mun bari. Idan ɗan tireda zai iya, ina ga Mai sama da ƙasa?

Amsar da ya ba mu ita ce ta hana mu barci a daren. Ya ce, "Malam, da ka ja layin nan, wa ya yi asara?" Muka ce mu. Ya ce to ka gani, an biya ke nan, kai ka biya daga jarinka. Babu yafiyar da ba ta da mai ɗaukar asara.

Mun juya wannan magana kwana da kwanaki. A tsakanin mutane gaskiya ya faɗa. Duk wanda ya taɓa yafe babban abu ya san akwai abin da ya haɗiye, kuma wasu a unguwar nan sun haɗiye abin da ya fi kuɗi. Inda misalin ya tsaya shi ne mu jarinmu yana raguwa, shi ya sa yafiya take mana ciwo. Saɓonmu ba ya rage komai a mulkin Allah, ɗa'armu ba ta ƙara Masa komai, hadisi ƙudusi ya kwatanta abin da bayi duka za su roƙa a ba su da abin da allura ke ɗebowa idan an tsoma ta a teku. Wanda ba Ya asara ba Ya buƙatar wani ya cike Masa gurbi. Da ya dawo muka faɗa masa haka, ya ce su ba asarar Ubangiji suke nufi ba, dokar adalci suke nufi. Muka ce mu kuma ba mu san wata doka da ke bisa Allah ba. A nan muka tsaya, shi bai matsa ba, mu ba mu matsa ba.

Sai dai akwai wani tsoro a bayan maganarsu da bai kamata mu yi masa dariya ba, wato kada gafara ta zama abu mai araha. Mu da muka ce Allah Yana yafewa ba tare da jinin kowa ba, wasunmu sun mayar da istigfari kamar canjin da ake watsa wa almajiri. Mutum ya buge gindin mudu, ya zuba tsohon wake a ƙasan buhu sabo a sama, ya ja carbi bayan salla, shi ke nan a ganinsa an goge. Alhali malamanmu sun raba haƙƙi biyu. Wanda ke tsakaninka da Allah, tuba ta gaskiya tana share shi. Wanda ke tsakaninka da mutum yana nan sai ka biya ko ya yafe. A Sahihu Muslim an ce shahidi ma ana gafarta masa komai banda bashi. A can ne kuma hadisin matsiyacin lahira yake, wanda zai zo da salla da azumi da zakka amma ya zagi wannan, ya ci dukiyar wancan, ya zubar da jinin wani, a yi ta ɗiban ladansa ana biya, idan ya ƙare a kwaso zunubansu a jibga masa. Kun ga a wurinmu ma zunubi yana iya tashi daga kan wani ya koma kan wani, amma hanya ɗaya yake bi, daga wanda aka zalunta zuwa azzalumi. Ba ya taɓa sauka a kan wanda bai ji ba bai gani ba.

Akwai tambayar da muka yi masa wadda muka daɗe muna jinkirinta don kada ta zama cin fuska. Ɗanmu ya karanta mana cewa daga 1852, zamanin Brigham Young, har zuwa watan Yuni 1978, wannan coci ba ya ba baƙar fata matsayin limanci, ba ya barinsu shiga manyan ibadun babban ɗakin ibada, kuma dalilin da aka daɗe ana bayarwa shi ne wai la'ana ce ta gādo daga Ƙabila ɗan Adamu. A nan Najeriya wani malamin makaranta a ƙasar Ibo, Anthony Obinna, ya yi shekaru yana rubuta musu wasiƙa su zo, ba a yi masa baftisma ba sai a watan Nuwamba 1978, bayan Spencer Kimball ya ɗage hanin. Muka ce, maƙwabci, yaya mutanen da suka ce ba a kama kowa da laifin Adamu suka shekara fiye da 120 suna kama baƙar fata da laifin ɗan Adamu? Ya yi shiru, sannan ya ce abin yana damunsa shi ma, kuma a 2013 cocin ya fitar da bayani yana nesanta kansa daga waccan fassara. Daga nan ya ɗago ya ce, "Amma Malam, ku da mu duka a garin nan, wa ya cika wannan ƙa'ida?"

Ba mu da amsa, domin mun san abin da yake nufi. Ku dubi kalmar nan fansa a bakin Bahaushe. Kirista mai jin Hausa yana faɗinta yana nufin ceto. Iyayen yaran makarantar Bethel Baptist da aka sace nan kusa da mu ranar 5 ga Yuli 2021, yara fiye da 120, sun san ta da ma'anar kuɗin da ake sayar da gona a kai daji, haka ma Musulmin da aka ɗauke musu 'yan uwa a hanyoyin jihar nan. Sannan ga ta uku, ɗaukar fansa, wadda ita ce ta fi cin mutanenmu. A duk ukun wani ne yake biyan abin da ba shi ya ci ba. Ta farko aƙida ce, mun faɗi matsayinmu a kanta. Ta biyu zalunci ne da kowa ya yarda zalunci ne. Ta ukun ce muke yi wa kwalliya.

A watan Maris 1987 rigima ta tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, kafin a ankara ana ƙona coci-coci a Zariya da Funtuwa da Katsina, wuraren da mutanensu ba su ma san fuskar waɗanda suka fara ba. A 1992 abin da ya faru a Zangon Kataf ya biyo hanya ya iso cikin Kaduna. A 2000 aka yi na shari'a, garin ya rabu biyu, kogi a tsakiya, har kudancin ƙasar nan sai da aka kashe Hausawa a Aba, garin da baƙonmu ya fito. A 2011 an kashe Kirista an ƙona coci a garuruwan arewa, aka rama a kan Musulmin Zonkwa da Matsirga da Kafanchan da nan wurinmu, mutum fiye da 800 a faɗin arewa cikin kwana uku, waɗanda suka tsira wasu suka daɗe a sansanin alhazai na Mando. A watan Oktoba 2018 ga Kasuwan Magani nan kan hanyarmu ta Kachia. Kowane karo a tare hanya, a duba suna ko sutura, a sa matafiyi ya biya bashin wani da bai taɓa gani ba. Masu yi daga cikinmu sun haddace ayar da ta hana, masu yi daga cikinsu su ma littafinsu ya hana. A Hajjin Bankwana Manzon Allah ya soke jinin jahiliyya duka, ya kuma fara da jinin gidansu, na ɗan Rabi'a ɗan Harisu, kafin ya nemi wani ya bar nasa.

Ba muna cewa a manta ba ne, ko a bar mai laifi. Wanda ya ƙona shagonmu yana da suna, Allah Ya san shi ko da hukuma ba ta neme shi ba, kuma haƙƙinmu yana wuyansa. Abin da muke jin tsoro shi ne irin maganar da muke ji a bakin samarinmu a majalisa, yaran da suke goye a 2011, suna cewa "su" ne suka yi mana, kamar ƙabila guda ko addini guda mutum ɗaya ne mai wuya ɗaya. Wannan shi ne zunubin gādo da muke musantawa a kan mumbari muke aiki da shi a bakin titi. Mai ambulan ɗin nan yana cikin "su" ɗin da ake nufi.

Game da ƙarin da ya yi a kan kuɗin, mun tuna Risala ta kawo saɓanin Ashhabu da Ibnul Ƙasim a kan wanda ya ƙara a lokacin biyan rance ba tare da an yi sharaɗi ba, sai muka zaɓi fita daga shakka. Muka ƙirga 18,500 muka mayar masa da sauran. Ya ƙi karɓa, muka ƙi riƙewa, daga ƙarshe muka yarda a saya wa marayun bayan masallaci shinkafa da shi, ya tsaya aka auna a gabansa.

Bayan tafiyarsa ne wani abu ya faɗo mana. Kafin rikicin akwai wata 'yar Gbagyi da take kawo mana doya daga wajen Kujama, tana bari mu sayar, idan ta dawo mu ba ta kuɗinta. Kaya biyu na ƙarshe da ta kawo, ɗaya mun sayar, ɗaya ya ƙone da shagon, ita kuma ba ta sake zuwa ba. Lissafinta yana cikin littafin nan da wuta ta ci. Shekara da shekaru muna ba mutane fatawa a kan bashi, ba mu taɓa tuna ta ba ko sau ɗaya. Mun je Kujama sau biyu muna tambaya a layin masu doya, wasu sun ce sun san mai kama da ita amma ta koma wajen ɗanta, wasu sun ce ta rasu. Kuɗin yana cikin ambulan ɗin da baƙonmu ya bari, mun ajiye a ƙasan akwatin ciniki, ranar kasuwa mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu sake komawa.